Yadda za ka tono tarihin kakanku da aka ce ya yi soja, ya yi alƙali

Kusan kowane gida a unguwar Birni ko Zango a Zinder akwai wani tsoho da ake cewa ai shi ya yi soja zamanin Nasara, ya dawo ya yi alƙalanci, wasu ma su ƙara da cewa har magajin gari ya riƙe. To in kana so ka rubuta tarihinsa na gaskiya, ga yadda ni dai nake bi.

Ka fara da tsofaffin mata kafin maza. Gwaggo da inna su ke riƙe da wa ya auri wa, wa ya haifi wa. Ka je da goro ko ɗan sukari, ka gaida ta ka zauna, ka nemi izini kafin ka kunna salula. Kuma don Allah kar ka ce mata "Gwaggo wace shekara aka haife shi", ba za ta sani ba kuma ka sa ta jin kunya a banza. Ce mata lokacin yunwar Kakalaba yana yaro ne ko ya yi aure, kai ka san yunwar 1913 zuwa 1914 ce, sai ka yi lissafinka a gida. Irin waɗannan turakun su za ka kafa: kashe Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a Zinder a 1898, shigowar Faransawa bayan yaƙin Tirmini a 1899, tuɓe sarkin Damagaram a 1906 har sarauta ta dawo a 1923, yaƙin Kawsan, jagoran Abzinawa da ya yi ma Faransawa tawaye, a Agadas 1916 zuwa 1917, ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, sai 'yancin kai 1960.

Maganar soja ita ce mafi sauƙi in an yi sa'a. Ku buɗe tsohuwar adaka, ku nemi littafinsa na soja, lambar girma, ko takardar da yake karɓar kuɗin mazan jiya da ita. Lambarsa ta soja na ciki da shekarar da aka ɗauke shi, nan za ka gane yaƙin Hitila ya je ko Indoshin ko Aljeriya, don a bakin jikoki duk yaƙi ɗaya ne. Shekarar haihuwa ta cikin takarda kuwa kar ka rantse a kanta, yawanci kallon mutum aka yi aka ƙiyasta.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne alƙalanci. Alƙalin fada mai hukunci da littattafan Malikiyya daban, dattijon da kumandan ke zaunarwa gefensa a kotun gargajiya don ya faɗi al'ada daban, tafinta kuma daban, amma yau duk an haɗe su an ce alƙali. Wanda ake ce ma lauya ma sau da yawa mai rubuta ma mutane takardar ƙara ne ko mai baki da ke tsaya musu. Magajin gari kuwa ka tambaya da kyau, na meri (ofishin hukumar gari) ake nufi ko mai unguwa ne ko sarauta ce ta fada, je ka meri ka roƙa a duba ma sunan cikin tsofaffin rajista.

In abin ya kai ga tafiya, akwai gidan ajiyar takardun ƙasa a Yamai da IRSH, cibiyar bincike ta Yamai mai rubuce-rubucen ajami, wasu takardun kuma suna Dakar da Faransa. Ka nemi sunan yadda Bafaranshe zai rubuta shi, Mamman ya zama Mamane ko Mahamane, Usman ya zama Ousmane, alƙali kuma cadi. Ni wata uku na yi ina bin wani Mahamane ina murna, ashe ƙanen kakan ne mai suna irin nasa, sai da wata gwaggo ta ce a'a ɗana, wancan ai gurgu ne, ina shi ina soja. Tun ranar kowace takarda na samu sai na koma zaure na karanta ma tsofaffi ita da Hausa, kuma ina rubuta sunan uba da laƙabi kusa da kowane suna.