Yadda ƙaramin manomi a Amurka zai karɓo kuɗin da ya kashe wa binciken tsaftar amfanin gona

Duk mai ƴar gonar kayan lambu a Amurka da yake son sayar wa manyan kantuna ko makarantu, sau da yawa sai an nemi takardar GAP (wato kyawawan hanyoyin noma) daga gare shi, shaidar cewa mai bincike ya zo ya ga yadda yake noma da girbi cikin tsafta. Kuɗin binciken bisa awa ake lissafa shi, har da lokacin tafiyar mai binciken, shi ya sa yake yi wa ƙaramar gona nauyi. A 2022 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ware har dala miliyan 200 a shirin FSCSC, mai mayar wa manoma wani kaso na kuɗin takardar, don rage wannan nauyi, aka ci gaba da shi zuwa 2025.

Abu na farko, kuma a nan na ga mutane suna faɗuwa: ba a ba ka kuɗi kafin aiki. Kai za ka biya, ka ci binciken, sannan a mayar maka da wani kaso. Wanda bai samu takardar ba, babu abin da zai nema.

Don haka fara da littafin rubutu tun kafin shuka. Ranar da ka wanke akwatunan girbi, ranar da aka gwada ruwan ban-ruwa, ranar da ka zuba taki, ranar da ka koya wa ma'aikata wanke hannu, duk ka rubuta a ranar. Na san wani da ya zauna dare ɗaya ya cike shafukan wata uku da biro ɗaya. Mai bincike yana gane irin wannan, kuma ƙaryar rubutu tana kayar da mutum nan take, komai kyan gonarsa. Ni a ganina littafi mai bango ya fi waya, a rataye shi a rumfar da ake wanke kaya, inda hannu zai kai.

Sai ka tambayi mai sayen kayanka wane irin bincike yake karɓa, domin ba iri ɗaya ba ne. Ka nemi rana da wuri, tunda mai binciken yana son ya tarar ana girbi. Idan kuna da yawa a unguwa, tsarin GroupGAP yana ba ku damar shiga a ƙungiyance ku raba kuɗin.

Rasit kuwa, kada ko ɗaya ya ɓata: na binciken, na gwajin ruwa da taki, na horo, da na wanda ya taya ka rubuta tsarin tsafta. A 2024 da 2025 ana mayar da kashi 75 cikin ɗari na kuɗin takardar, iyakarsa dala 2,000. Kuɗin kayan aiki, gini da albashi ba sa ciki, kada ka wahalar da kanka ka saka su.

Daga nan ka je ofishin FSA, wato hukumar hidimar manoma ta Ma'aikatar Noma, na gundumarku, ka tambayi ko an buɗe shirin na bana, ka cike fom ɗinsa (a 2024 da 2025 FSA-888-1 ne), ka haɗa da bayanan asusun banki. A baya ranar 31 ga Janairu ta shekarar da ke bin wadda aka samu takardar ake rufewa. Ka kuma leƙa ma'aikatar noma ta jiharku, domin wasu jihohi suna da nasu tallafin daban.