Kurakuran da muke yi wajen karanta tsofaffin zanen mayaƙa

Kwanan baya a wani zauren WhatsApp na malaman tarihi a Birnin Kebbi, wani ya turo zanen barde cikin lifidi, shi da dokinsa, ya rubuta a ƙasa wai sojan Kanta Sarkin Kabi ne. Kafin la'asar har an kai shi Facebook. Alhali zanen daga littafin Turawa matafiya Denham da Clapperton na 1826 yake, kuma barden na Bagarmi ne, can kudu maso gabas da Tafkin Chadi. Kanta kuwa a ƙarni na 16 ya yi zamaninsa a Surame.

Kuskuren farko ke nan, liƙa wa zane sunan da rai ke so. Lifidi da sulke da kwalkwali ba na ƙasa ɗaya ba ne, daga Borno har Gwandu an yi yaƙi da su. Nemi littafi ko jaridar da aka fara buga zanen, ka karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa. Wanda kuma ya nuna maka "hoton" yaƙin Alwasa na 1805, lokacin jihadin Shehu Ɗanfodiyo, tuna masa cewa sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto da kyamara.

Na biyu ya fi wuyar kamawa, wato ɗaukar mai zanen a matsayin ganau. Sau da yawa jiyau ne. Jaridu irin su Illustrated London News, wadda aka kafa a 1842, sukan karɓi ɗan zanen gaggawa daga hafsan da ke fagen daga, wani a Landan ya cike sauran da tunaninsa, a sassaƙa a katako a buga. Ko zanukan littafin Barth, Bajamushe matafiyi, wanda ya ratsa Gwandu a 1853, wani mai zane Bernatz ne ya ƙarasa su a Jamus, bai kuwa yi tafiyar tare da shi ba.

Na uku shi ne rashin lura da saƙon da aka cusa a zane. Dubi zanukan yaƙe-yaƙen Turawa a Afirka: Bature a tsakiya, tufafinsa tsaf kamar yanzu aka karɓo daga wanki, tuta a sama, abokan gaba a gefe sun zama gungun ƙura ba fuska. Wannan saƙo ne ga masu sayen jarida a Ingila. A rundunar Ingila da ta shiga Sakkwato a Maris 1903, Turawa ƙalilan ne, akasarin sojan 'yan Afirka ne, Hausawa da Yarabawa. Su kuma 'yan dako da suka ɗauki harsashi da guzuri a ka, da wuya ka gan su a gaban zane.

Amma kar a ce duk ƙarya ne a zubar, shi ma kuskure ne. Mai zane yakan yi son rai a kan wa ya yi jarunta, amma a ƙirar bindiga, maɓallin riga, sirdi da linzami yakan kiyaye, domin tsofaffin sojan da ke karanta jaridar za su kama shi. Can gefen zanen, inda ake girki a zango ko shayar da dawakai, nan nake sa ɗalibaina su fara dubawa.