Kurakuran da ake tafkawa wajen adana tsoffin gandayen sufayen Kirista a Ingila

Sufayen Kirista na ɗariƙar Sistashiyan, wadda aka kafa a Faransa a 1098, sun riƙe gandaye masu yawa nesa da gidajen ibadarsu, inda ake noma da kiwon tumaki. Gidan ibadarsu na Fountains da ke Yorkshire a arewacin Ingila, wanda aka kafa a 1132, da ulun tumaki ya yi arziki, har Sarki Henry na Takwas ya rufe shi a 1539. Yawancin irin waɗannan gandaye har yau gonaki ne a hannun manoma, kuma a nan ɓarnar take faruwa.

Babban kuskure shi ne a zuba ido kan gini, a manta da ƙasa. Kowa na yaba katafaren rumbun Great Coxwell, wanda sufayen gidan ibada na Beaulieu suka gina wajen 1292, amma irinsa ƙalilan ne suka tsira. Abin da ya rage a mafi yawan wurare 'yan tuddai ne da kwazazzabai a cikin ciyawa: harsashin ɗakuna, busassun tafkunan kifi, tsoffin kunyoyi. Tarakta ta yi huɗa mai zurfi sau ɗaya, an gama da su. Gyaran shi ne a mayar da filin makiyaya, a saki tumaki, kada a tara shanu lokacin da ƙasa ta jiƙe, domin kofatonsu na dagargaza ta. A kuma hana bishiyoyi kafa saiwa a kai, a kori zomaye masu haƙa rami.

Wani kuskuren shi ne gyaran bango da siminti. Wanda ya ga yadda yaɓen siminti ke cinye katangar laka ya san labarin: danshi ya maƙale a ciki, dutse ya ruɓe. Da kwaɓin farar ƙasa aka gina waɗannan bangaye, da shi ya kamata a gyara.

Wasu kuma gani suke tunda gonarsu ce, sai yadda suka ga dama. Dokar kare wuraren tarihi ta 1979 ta ce in wurin ya shiga rajistar wuraren tarihi, ko magudanar ruwa za a haƙa sai an nemi izini ta hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, Historic England. Yawo da na'urar gano ƙarfe a wurin ba tare da izinin hukumar ba laifi ne, ko da mai gonar ya yarda.