Ba Mantuwa Ke Kashe Fulawar Ɗaki Ba: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, ya san yadda cinikin yake ƙarewa. Mai fulawa zai miƙo tsiro a cikin baƙar leda ya ce, "Hajiya, wannan ba ta mutuwa, ruwa kawai za ki riƙa ba ta." Rabin maganarsa gaskiya ne, domin moda da alobera da wata mai koren ganye mai sheƙi da ake kira ZZ suna da taurin rai ƙwarai. Ɗaya rabin ne ke kashe su. A kunnen sabon shiga, ba da ruwa yana nufin safe da yamma.

Mai yawan mantuwa ya kwantar da hankalinsa, don shi aka yi waɗannan tsirrai. Moda 'yar gida ce, asalinta Afirka ta Yamma, tun da daɗewa ana yin igiya da tsirkiyar baka da zaren ganyenta. Ganyen nan mai kauri da tsayi cike yake da ruwa, kuma da dare take buɗe ƙofofin numfashinta don kada zafin rana ya zuƙe shi. ZZ daga Gabashin Afirka ta fito, wajen Kenya da Tanzaniya, tana da saiwa mai kumburi a ƙarƙashin ƙasa inda take ajiye ruwa. Alobera kuwa kowa ya san abin da ke cikin ganyenta. Tsiron da ya zo da guzurinsa zai yi makonni ba ka kula shi ba, bai nuna maka komai ba. Abin da ba zai jure ba shi ne zama cikin caɓi.

Saiwa ma tana numfashi. Idan ƙasar tukunya ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, iska ba ta samun wurin shiga, sai saiwar ta shaƙe ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa, saboda haka ganye zai yi laushi ya langaɓe. Mai tsiro ya gani ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara zuba kofi biyu. A nan ake yin aika-aikar. Ganye ɗaya ya yi rawaya daga gindi, ka taɓa shi ka ji ya yi taɓo-taɓo, ka ja a hankali ya biyo hannunka da ɗan wari. Ganyen da ƙishirwa ta kama ba haka yake ba: yamushewa yake yi, ya yi siriri, ya naɗe, ƙasar kuma ta bushe har ta ja baya daga jikin tukunya.

A gidajenmu wannan kuskure yana da wata hanya ta musamman. An ajiye tukunyar alobera kusa da wurin alwala, ana ganin ai ruwan bai kamata ya tafi a banza ba. Niyya ce mai kyau, amma sau biyar ke nan a rana, in mutum ɗaya ne a gidan. Ga yarinya mai shara ta watsa mata sauran ruwan buta, ga maigida ya fito ya juye ragowar ruwan leda. Kowa yana ganin shi kaɗai ne ke tunawa da ita. A bar ruwan alwala ga ayaba ko zogale da ke cikin ƙasa, tukunya kuma a naɗa mata mutum ɗaya.

Gyaran ba ya bukatar kalanda. Soka yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi ko sanyi-sanyi, bari sai wani lokaci. Ga moda da ZZ da alobera ma yatsa bai isa ba, sami tsinken tsire ka soka har gindin tukunya, ka bar shi ɗan lokaci, ka zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ba yau ba. In ya fito a bushe tas, to zuba ruwa sosai, har sai ya ɓullo ta ƙasa, sannan ka manta da ita. A cikin ɗaki wannan yakan kai mako biyu zuwa uku a lokacin zafi, da damina kuwa, lokacin da iska ke ɗauke da laima, yana iya kaiwa wata guda. Ɗan yayyafi kullum bai da amfani, saman ƙasa kawai yake jiƙawa.

In ruɓewa ta riga ta fara, akwai sauran dama. Zazzage tsiron daga tukunya, kakkaɓe ƙasar, duba saiwa. Mai lafiya tana da tauri, fara ko ruwan lemo a moda. Duk wadda ta yi baƙi ta yi laushi a yanke ta da wuƙa mai tsabta. Ajiye tsiron a inuwa kwana ɗaya ko biyu wurin yankan ya kame, a mayar da shi cikin sabuwar ƙasa busasshiya, kada a ba shi ruwa sai bayan kamar mako guda.

Kuskure na biyu yana tafiya da na farko, wato yawan ba da ruwa: tukunya marar huda. Kyawawan tukwanen tangaran da ake saye don ado a falo da yawansu ba su da rami a ƙasa, haka ma bokitin fenti da gwangwanin madara da muke amfani da su. Wasu sukan zuba tsakuwa a gindi wai ruwa ya sami wurin kwanciya. Ruwan yana nan bai je ko'ina ba, sai ma ya ƙara kusantar saiwa. In roba ce, ƙusa mai zafi za ta huda ta wuri huɗu ko biyar cikin minti ɗaya. In tangaran ce kuma ana tsoron ta fashe, a bar tsiron cikin tukunyar roba mai huda, a zura ta cikin ta adon, ranar ba da ruwa a fito da ita ta tsane a waje. A ganina tukunyar ƙasa ta maginanmu ta fi duka dacewa da mai nauyin hannu wajen ruwa, domin jikinta yana tsotse danshi yana fitarwa. Sai dai a sa magini ya huda ta.

Farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya kuma a zubar da ruwansa. Ban da saiwa, akwai sauro. Cikin zafi irin namu mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo. Haka wanda ya sa fotos a kwalbar ruwa, wato tsiron nan mai yaɗo mai koren ganye da ratsin rawaya, ya riƙa canza ruwan duk mako.

Sai ƙasa. Wadda ke cikin ledar mai fulawa sau da yawa mai nauyi ce, ta dace da fili inda rana ke dukanta ana ba ta ruwa kullum. A ɗaki sai ta ƙi bushewa, in kuma ta bushe ta daskare ruwa ya riƙa bin gefe yana fita. Ɗebo laka ko jar ƙasa daga bayan gida ma haka zai haifar. Haɗa kashi ɗaya na baƙar ƙasa, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa irin na gini, da ɗan taki da ya daɗe ya ruɓe ya daina wari. Dakakken gawayi ko buntun shinkafa suna ƙara sakin ƙasar. Dunƙule ta a hannu tana da ɗan danshi: in ka buɗe tafin ta wargaje da taɓawa ɗaya, ta yi.

Kada a ɗauki ɗan tsiro a sa a ƙatuwar tukunya wai don ya sami wurin girma. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba jiƙe take zama. Ƙarin faɗin yatsa biyu ko uku a kan tsohuwar ya wadatar, moda ma ta fi son matsi.

Maganar haske ita ce inda masu fulawa suka fi yi wa mutane romon baka. Gaskiya ne moda da ZZ suna jure wurin da ba haske sosai, amma jurewa suke yi, ba girma ba. Falonmu kuwa ga labule mai kauri ninki biyu, ga taga a rufe saboda ƙura, da rana tsaka sai an kunna fitila. In ba za ka iya karanta littafi a wurin da azahar ba tare da fitila ba, wurin ya yi wa tsiro duhu. Alamarsa ita ce fotos ta riƙa miƙa dogon reshe da ƙananan ganye nesa-nesa, ratsin rawayan ya ɓace, alobera kuma ta yi fari-fari ta baje. A duhu tsiro ba ya shan ruwa sosai, don haka ruɓewa ta fi saurin kama shi. Kusa da tagar gabas ya fi ko'ina. Alobera da kariya, mai kumburarren gindi da jan fure, su baranda ko tsakar gida suke so.

Amma kada tausayi ya sa ka ɗauki tsiron da ya yi wata uku a falo ka dire shi a tsakiyar ranar Afrilu. Kafin la'asar ganyen ya ƙone, tabon kuma ba ya warkewa. A fara da inuwar bango, sannan hantsi, a ƙara masa a hankali cikin mako biyu. Bakin na'urar sanyaya ɗaki ma ba wurin ajiya ba ne.

Da hunturu ƙura kan lulluɓe ganye ta tare haske. Tsumma mai ɗan danshi ya isa. Masu shafa man gyaɗa ko madara don ganye ya yi ƙyalli suna ƙara manna masa ƙura ne kawai.

Taki ba magani ba ne. Tsiro ya yi yaushi, sai a ɗebo takin zamani na gona cikin tafin hannu a zuba a gindinsa, ko ɗanyen kashin kaji. Tukunya ba gona ba ce, gishirin takin ba shi da wurin gudu, sai ya ƙone saiwa, bakin ganye ya bushe. Waɗannan tsirrai 'yan ƙwayoyi kaɗan a narke cikin ruwa mai yawa, sau ɗaya ko biyu a damina, sun ishe su. Wanda ba shi da lafiya kuwa kada a ba shi ko kaɗan. Ruwan wanki mai omo ko bilic shi ma a kai shi kwata. In ka ga farin ɓawo a saman ƙasa ko a bakin tukunya, ruwan rijiyarka ko na burtsatse ne ke barin gishiri: kankare shi, ka tari ruwan sama ka kwarara sosai ya wanke ƙasar.

Wani lokaci za ka ga farin abu kamar auduga a matsematsin ganye. Ƙwari ne masu tsotse ruwan tsiro. Ware tukunyar daga sauran, goge su da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, ka maimaita duk mako har su ƙare. Sabon tsiro daga kasuwa ne yakan shigo da su, shi ya sa yake da kyau a juya bayan ganye a duba kafin a biya kuɗi.

Ranar tafiya hutu ko sallah a garinsu, mutane kan tsoma tukwane cikin baho cike da ruwa. Ba sai an yi haka ba. Ba moda da ZZ da alobera ruwa yadda aka saba, janye su daga rana, kulle ƙofa. Wata guda ba zai yi musu komai ba. Fotos ce kawai za ta langaɓe, ita ma yawanci takan miƙe bayan an ba ta ruwa.

Gida mai yara ƙanana kuma yana bukatar lura da abin da aka shigo da shi. Ganyen fotos da na ZZ suna da ƙaiƙayi mai zafi a baki in aka tauna. Wata mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake kira difenbakiya ta fi su, tana kumbura harshe da maƙogwaro. Ruwan jikin kariya dafi ne sosai, har an yi amfani da shi a kan kibiya a wasu sassan Afirka, don haka a wanke hannu bayan an yanke ta, a kuma nisanta ta da yara da awaki. Moda ma kan sa kyanwa amai. A ɗora su a sama inda mai rarrafe ba zai kai ba, in kuma yaro ya tauna, a wanke masa baki a kai shi asibiti tare da ganyen, don ma'aikatan su ga abin da ya ci.