Yadda za ku gyara sanyi da ɗumin ɗakin taron unguwa mallakar ƙaramar hukuma

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin taro a garin nan namu na Gombe cikin watan Afrilu, ƙarfe biyun rana, mutum ɗari biyu a cike, ya san abin da nake nufi. Dattijo ya cire hula yana fifita da katin gayyata, mata sun fice da jarirai gindin maina, mai jawabi bai kai rabi ba an fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin taron unguwarmu haka yake shekara da shekaru, ginin ƙaramar hukuma ne amma mu ke amfani da shi, walima, rigakafi, rabon taki, taron matasa, har karatun manya da yamma. Ina cikin kwamitin da ya bi maganar gyaransa, aikina kuma wayarin ne da haɗa esi, shi yasa na ce bari in rubuta wa masu irin wannan niyya a Jekadafari ko Pantami ko Bolari ko ma ƙauye. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, kar ku fara da sayen esi. Esi shi ne na ƙarshe a layi.

Ku fara da takarda. Ginin ba naku ba ne ko da kuwa ku kuka tara kuɗin, don haka kafin a huda bango ko a cire kwano ɗaya, ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun kansilanku, mai unguwa ya sa hannu, a kai sashen ayyuka, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi ku adana. A cikin takardar ku nemi abu uku a rubuce: izinin yin aikin, waye zai mallaki kayan bayan an saka, da waye zai riƙa biyan kuɗin wuta da gyara. Wannan na ukun shi ke kashe aiki wallahi, na ga ɗakin da aka jera wa esi sababbi fil, ko shekara ba a yi ba aka yanke wutar saboda babu wanda ya ɗauki bil ɗin a matsayin nasa. In kuma gwamnati ce za ta biya, to akwai ƙa'idar ba da kwangila, tarayya tana da dokarta ta 2007, jihohi ma suna da tasu, za a nemi ƙiyasin kuɗi daga fiye da mutum ɗaya kuma sai abin ya shiga kasafin shekara, saboda haka ku kai buƙatarku da wuri tun ana haɗa kasafi, ba sai zafi ya shigo ba.

Daga nan sai ku ɗaga kai ku kalli sama. Mafi yawan zafin da ke cikin irin ginin nan daga kwano yake saukowa. Ranar da muka fara dubawa na hau tsani na tura kaina ta wata ɓula a silin, ban iya minti biyu ba na sauko, iskar da ke tsakanin kwano da silin kamar ta gidan burodi, kuma ba ta da hanyar fita ko ɗaya, sai dai ta biyo ɓulolin nan ta sauko kan mutane. To ka ga ko esi goma ka saka a ƙarƙashin wannan, da rana yake faɗa ba da ɗaki ba. Abin yi a nan ba shi da tsada sosai: a toshe duk inda silin ya ɓule, a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano ko a saman silin, irin mai ƙyalli ɗin nan ko mai kama da auduga, a buɗe ƙananan tagogi masu raga a kusurwoyin rufi biyu yadda iska mai zafi za ta riƙa ficewa, in da hali a wanke kwanon a shafe shi da farin fenti domin fari yana mayar da hasken rana, tsohon kwano mai tsatsa kuwa shanyewa yake. Amma fa ku kula, in tsohon silin asbestos ne, kar a bar yara su farfasa shi da guduma ko a share ƙurarsa a bushe, ƙurar nan tana lalata huhu kuma sai bayan shekaru ake ganin illar. A jiƙa shi, a cire shi fai-fai, masu aikin su rufe hanci.

Sai bangon yamma. Daga la'asar rana a kansa take, shi ne za ka taɓa bayan magariba ka ji har yanzu da ɗumi. A yi masa rumfa ko baranda, a sa labule mai kauri a tagoginsa, a dasa maina uku ko huɗu nesa kaɗan da gini don kar saiwa ta taɓa tushe. Bishiyar za ta ɗau shekaru, a dasa dai.

Yanzu lissafi, kuma a nan nake so ku nutsu don shi ne zai hana a cuce ku. Ƙarfin esi da BTU ake aunawa, wato ma'aunin yawan zafin da yake iya cirewa daga ɗaki a awa, abin da muke kira hos ɗaya kusan 9,000 ne, hos ɗaya da rabi 12,000, hos biyu 18,000. A ɗauka ɗakinku mita 20 ne a tsawo, 12 a faɗi, murabba'in mita 240 ke nan. A ƙiyasin da masu aiki ke yi a wuri mai zafi irin namu ana ba kowane murabba'in mita kamar BTU 600, ya zama 144,000. Sannan kowane mutum da ke zaune shi ma zafi yake fitarwa, kamar 400 a awa, mutum 200 sun ba ka 80,000. Ka haɗa, 224,000, wato esi mai hos biyu guda 12 ko 13. Kowanne in ba mai inbata ba ne, wato irin esin nan da ke rage gudu da ƙarawa da kansa, yana jan kusan kilowat 1.8, duka sun haura kilowat 20. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta, masu layin Band A, wato rukunin da aka ware wa wuta mafi daɗewa a rana, suna biyan sama da naira 200 a kowane yunit, ka ga awa ɗaya ta haura naira 4,000, taron awa biyar ya cinye sama da 20,000. In da janareto ne kuma, mai shan dizal zai sha kamar lita 6 zuwa 7 a awa a wannan nauyin, kuma ba ƙaramin inji ba, don esi yana fizgar wuta da yawa lokacin tashi. Wannan ƙiyasin kan tebur ne, injiniyan sashen ayyuka ya zo ya auna ya tabbatar, amma ku je masa da naku a hannu.

Ku kwatanta da fanka. Fankar silin ta yau da kullum wat 75 take ja, guda 20 kilowat ɗaya da rabi, ba su ma kai esi ɗaya ba. Akwai kuma sababbin nan masu ƙaramin inji da ke jan kamar wat 30, su kam sola ƙarama ma za ta riƙe su da fitilu har dare. Shi yasa ni shawarata, bayan rufi sai fankoki, a jera su daidai kan inda kujeru suke, a sauko da su da sanda in silin ya yi nisa, kar a manna su can sama suna juya zafi. Gaskiya in zafi ya kai digiri 40 fanka kaɗai ba ta wadatarwa, iska mai zafi take watso maka, amma in aka haɗa ta da esi sai ka ga an saita esin a 25 ko 26 mutane suna jin daɗi, ba sai an danna 16 ba. Danna 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, kawai yake hana hutawa.

Akwai wani abu da mutanenmu ba su cika dubawa ba, na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa, wadda ake zuba wa ruwa a tanki fanka tana jan iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Daga Fabrairu zuwa Afrilu iskar Gombe a bushe take ƙarau, lokacin ne take aiki sosai, wutar da take ja kaɗan ce, kuma ita so take a bar taga a buɗe. Da damina ta sauka iska ta yi laima amfaninta ya ragu, sai dai a yi da ita kamar fanka. In kuna da rijiyar burtsatse a kusa, ku gwada biyu kafin ku yanke hukuncin esi nawa za ku saya, a riƙa canza ruwan ana wanke tankin don kar ya zama gidan sauro.

To in an zo kan esi, mu abin da muka yi shi ne ba mu nemi sanyaya ɗakin gaba ɗaya a tashi ɗaya ba, mun fara da ofis da ƙaramin ɗakin da ake rigakafi da awon mata, sai gefen mumbari, sauran aka bar wa shekara mai zuwa amma aka ja wayarsu tun yanzu. Ku sayi mai inbata ko da ya ɗan fi tsada, yana tashi a hankali ba ya girgiza janareto, kuma in ɗaki ya yi sanyi sai ya rage gudu maimakon ya mutu ya sake tashi. Ku duba takardar da ke manne a jikin ɓangaren esin da ake ajiyewa a waje ku ga irin gas ɗinsa. In kun ga R22 ku bar shi, tsohon yayi ne, duniya ta yi yarjejeniya tun 1987 a Montreal kan daina irin gas ɗin da ke lalata sararin sama, ana janye shi a hankali, gobe samunsa zai yi wuya. R32 ko R410A za ku nema, kuma kar mai gyara ya taɓa cakuɗa wani da wani. Na hannu ɗan kwatano yana da arha a ido, amma kuɗin jama'a ne, ku sayi mai garanti ku karɓi rasit da sunan kwamiti ko na hukuma.

Wayarin kuwa kar a yi masa ƙwauro don Allah. Tsohuwar wayar da aka ja don fitila da fanka ba za ta ɗauki esi ba, zafi za ta yi cikin silin, gobara ke nan. Kowane esi da layinsa da birekarsa, mai hos biyu a ba shi waya mai kaurin murabba'in milimita 4 ta jan ƙarfe zalla, a kafa sandar as, wato ƙarfen da ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa, da kyau, a sa abin kariya da zai yanke in wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama. In nauyin ya kai irin wanda muka lissafa, layi ɗaya ba zai ɗauka ba, sai an nemi layi uku da mitar da ta dace daga kamfanin JED, shi ke raba wuta a Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai, a raba esin daidai a kan layukan, a kuma tambaya ko taransifomar unguwa za ta iya, kar ku sanyaya ɗakin taro ku jefa maƙwabta a duhu.

Ranar sakawa mutum biyu daga kwamiti su tsaya a wurin. Na waje a inuwa za a ɗora shi, ba bangon yamma ba, a ɗaga shi daga ƙasa, a bar masa fili a baya ya yi numfashi, a yi masa kejin ƙarfe da kwaɗo saboda masu yanke bututun jan ƙarfe. Ku tabbatar mai aikin ya zo da injin zuƙe iska daga bututu kafin ya saki gas, da yawa tsallake wannan suke yi don sauri, bayan 'yan watanni kwamfiresa ya fara ciwo. Ruwan da ke ɗiga kuma a ja masa fayif zuwa gindin bishiyoyin nan da kuka dasa. Sannan ku sani esi irin wannan ba ya shigo da iskar waje, ta cikin yake juyawa, mutum ɗari biyu a rufe awa uku za ka ga ana hamma ana ciwon kai, ga shi lokacin zafi lokacin sanƙarau ne, cunkoso ba iska ba alheri ba ne. A sa fankar bango mai fitar da iska guda biyu ko uku can sama, a kuma buɗe ƙofofi lokacin hutun salla.

Maganar ɗumi ba ta da tsawo a wurinmu. Sanyinmu na hunturu ne, Disamba da Janairu, da asuba da dare, kuma abin da ke damun masu karatun dare iskar nan ce mai ƙura da ke shigowa ta fasassun gilasai da ƙasan ƙofa. A canza gilasan, a liƙa roba a bakin ƙofa da taga, a shimfiɗa darduma ko tabarma a kan siminti, abin tare zafin da kuka sa a rufi shi ne dai zai riƙe ɗumin da dare. Ba sai kun sayi hita ba, guda ɗaya tana iya jan wutar da ta kai ta esi. Abin da nake roƙonku da babbar murya, kar a shigo da kaskon gawayi a rufe ƙofa, kar kuma a tada janareto a baranda kusa da taga, hayaƙinsu akwai guba marar wari da ke sa mutum barci ya wuce daga nan.

Bayan an gama a naɗa mutum ɗaya mai riƙe rimot da makullin allon wuta, a saya masa littafi yana rubuta ranar da aka kunna da awa nawa da yunit nawa aka ci. Duk mai ɗaukar ɗakin don biki ya biya kuɗin wuta daban bisa abin da mita ta nuna, a cire wani abu a ajiye na gyara, da sanin sashen ayyuka. Ragar cikin esi a hunturu duk sati biyu ake zare ta a wanke da ruwa a shanya a inuwa, na waje kuma a kira mai gyara ya wanke shi a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama. Namu mai riƙon makullin ran Asabar yake wankewa, na farko da ya zaro bayan hunturu ruwan bokitin jawur ya koma kamar an dama jar ƙasa.