Dabarar kiran sunayen mutanen Ayalan

Jama'a, masu karatu ko aiki a Ayalan, in kun ga sunan Ayirish kar ku karanta shi da ƙa'idar Turanci, za ku kwafsa. Ku fara duba wasalin da ke manne da baƙin.

S in tana kusa da e ko i, "sh" ce. Shi ya sa Seán ake cewa Shon, Siobhán kuma Shivon.

Sai bh da mh, su ne ke rikita mutane. H ɗin nan tausasa baƙin da ya zo kafin ta take yi, sai b da m su koma "v". Niamh, Niiv. Tunda Hausa ba mu da v, ku ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa ku saki murya, kar ta fito b. Amma kusa da a, o, u sau da yawa "w" ake ji, kamar sunan bikin Samhain da ake kira Sawin.

Ɗan karan da ke kan wasali, fada suke ce masa, yana nufin a ja wasalin. Mu da muka saba da dogon wasali wannan ba zai ba mu wuya ba. Aoi kuma "ii" ce kawai, Aoife, Iifa.

Inda dabarar ke gazawa shi ne dh da gh, galibi a tsakiya ko ƙarshen kalma shiru suke, garin Dún Laoghaire mutanen Dablin Dan Liiri suke cewa. Kuma furucin yankunan Munster da Connacht da Ulster ya bambanta, to in mai sunan na gabanku ku tambaye shi ya faɗa ku maimaita, wallahi suna jin daɗin hakan.