Save journey ko safe journey? Kalmomin kariya da muke cakuɗawa a Turanci

Da zarar Sallah ta matso mutane sun fara haramar tafiya gida sai ka ga WhatsApp ya cika da "save journey", har masu digiri ma haka suke rubutawa. Safe journey ake cewa, da f. Abin daga baki ya samo asali, mu a Hausa ba mu da sautin v, to kunne bai saba rabe su ba sai hannu ya rubuta duk wanda ya zo masa. Save aikatau ne, wato ceto ko adanawa, likita ya ceci rai ko ka tara kuɗi a banki. Safe kuma siffa ce, mutum ko abu yana cikin aminci. In ka rikice gwada saka d a ƙarshe, akwai saved amma babu wani abu wai shi safed, shi ya sa "God safe us" ma kuskure ne, save ya kamata. Haka suke yi da belief da believe, proof da prove, mai v ɗin shi ne aikatau.

Wanda ya fi damuna shi ne safety da security, don wannan yana iya sa mutum ya ji kunya a intabiyu. Ka tambayi kanka, barazanar nan daga ina take? In tsautsayi ne, gobara ko wutar lantarki ko mota ta ƙwace wa direba, babu wanda ya ƙulla, maganar safety ce. In kuwa wani ne ya zauna ya shirya maka sharri, ɓarawo ko ɗan bindiga ko ɗan damfara mai neman lambar katinka ta waya, to security kenan. Dubi sunayen hukumominmu ma sun isa darasi, Federal Road Safety Corps da aka kafa a 1988 aikinsu haɗurran hanya ne, su tsayar da kai kan bel da gudu da lodi fiye da ƙima, amma 'yan sibil difens sunansu Nigeria Security and Civil Defence Corps saboda su masu fasa bututun mai da satar kayan gwamnati suke nema. Hular kwano ta ɗan acaɓa safety ce, kwaɗon da yake sa wa babur ɗin da daddare security ne.

Sai protect da prevent, wannan ma'aikatan lafiya na yawan faɗawa ciki in suna rubuta rahoto. Za ka ga an rubuta "nets protect malaria", alhali ma'anar hakan gidan sauro yana kare zazzaɓin ne da kansa! Abin da kake so shi kake protect, abin da ba ka so ya faru shi kake prevent. Don haka ko dai nets prevent malaria, ko nets protect children from malaria, kuma dan Allah kar a manta from ɗin nan.

Guard da guide kuwa sauƙi ne, maigadin da ke bakin ƙofa guard ne, daga nan ma muka samo kalmar gadi, guide ɗan jagora ne mai nuna hanya. In kana neman aikin gadi ka rubuta "security guide" a takardarka, ai ka fara da ƙafar hagu tun kafin a gan ka.

Ensure da insure ma furucinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa suke ruɗa ɗalibai a jarrabawa. Mai i ɗin shi ne na inshora, kamar wadda kake yi wa mota duk shekara, mai e kuma tabbatarwa ne, ensure the door is locked, ka tabbatar an kulle ƙofa.